Waya ba ta wadatar ba: zare kan ɗan MP3 mai madanni

1/ Jiya na ɗora hoton ɗan MP3 ɗina, wanda bai fi kwalin ashana girma ba, sai ga jama'a a ƙasa: "Malam a wannan zamanin?" "Ba ka da waya ne?" Wata ma cewa ta yi in haɗa da fitilar ƙwai in koma gidan kaka. To na ji. Ku gyara zama, zare ne, kuma yau ba zan yi wa kowa kara ba.

2/ Ina da waya, da ita ma nake rubuta wannan. Abin da nake cewa shi ne, a cikin duk na'urorin da ake sauraro da su, waya ce ta fi ɓata sauraro. Masu cewa "ai waya ta wadatar", yaushe rabon da ku ji waƙa ɗaya daga farko har ƙarshe ba ku taɓa sikirin ba? Ku faɗi gaskiya.

3/ Kafin a rikice: ba MP ɗin nan mai lasifika da ake ƙure wa murya a shagon aski nake nufi ba. Ina maganar ƙaramin nan ne da ake sa wa memori, a jona iyafis, a jefa a aljihu. Ba SIM, ba data, ba kira, ba WhatsApp. Aikinsa ɗaya tak.

4/ Ga yadda na faro. Lokacin jarrabawa ne, na zauna karatu, na ce bari in sa wani abu a kunne don hayaniyar gida. Na ɗauki waya in canza waƙa. Saƙo ya shigo. Na amsa. Na ga an ambace ni a wani rikici. Na shiga. Da na ɗago kai ana kiran la'asar, littafi na nan a shafin da na buɗe shi bayan azahar.

5/ Kuma kar wani ya ce min "rashin kamun kai ne". Manhajojin nan da hankalinka suke cin abinci. Mutane ake biya albashi mai tsoka don su tabbatar in ka buɗe waya ba ka ajiye ta da wuri ba. Kai kaɗai da niyyarka ta alheri, su kuma ma'aikata dubbai. Wa kake ganin zai yi nasara?

6/ Ɗan MP3 ba shi da abin da zai nuna maka. Ka danna, ya yi gaba, ka mayar aljihu. Shi ke nan.

7/ Sai maganar mallaka, wadda ita ta fi ci min rai. Waƙoƙin da ke cikin manhajarka ba naka ba ne, haya ce. Ko waɗanda ka "sauke" ɗin a kulle suke a cikin manhajar, ba ka iya tura su ko'ina. A Spotify, in ka yi kwana 30 ba ka hau intanet ba, abin da ka sauke ya daina kunnuwa. Ka daina biyan kuɗin wata, ya tafi.

8/ Mu 'yan Arewa bai kamata a yi mana dogon bayani kan wannan ba. A Satumban 2021 aka kashe sabis ɗin waya gaba ɗaya a Zamfara, aka biyo da wasu ƙananan hukumomi a Katsina, Sakkwato da Kaduna. Ba kwana ɗaya ba, ba mako ɗaya ba. Wanda karatunsa da waƙarsa suke kan intanet, shiru ya same shi. Mai memori bai ma san an yi ba, ta wannan fuskar dai.

9/ A Maris ɗin 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, kowa ya ga yadda sabis ya koma. Abin da ke can cikin teku, wanda ba ka taɓa gani ba, shi ke yanke hukunci ko za ka ji Shata yau ko ba za ka ji ba. Ni dai ban yarda da wannan tsarin ba.

10/ Lissafi kaɗan. Sauti mai 128kbps yana cin kusan MB 1 a minti ɗaya, wato wajen MB 58 a awa. Awa biyu kullum, a wata ka ƙone kusan GB 3.5. Wannan sauti zalla ke nan. In ta YouTube kake ji, hoto na tafiya kana aljihu ba ka kallo, ninka abin.

11/ Kuma yawanci waƙoƙi 30 ko 40 ɗin nan ne dai kake ta maimaitawa. Kana biyan kuɗin dakon abu ɗaya kullum. A Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Data ta tashi, memorin da ke aljihuna bai ƙara min ko kwabo ba.

12/ Memori mai GB 32 a wannan ingancin yana ɗaukar sama da awa 500. Ka zauna ka lissafa: ko kullum awa biyu kake ji, sai ka haura wata takwas ba ka maimaita komai ba.

13/ Yanzu wadda ba ta dariya ba. Ƙanina yana dawowa daga makarantar dare, iyafis a kunne, ya zaro waya zai canza waƙa. Hasken sikirin kawai suka gani. Su biyu ne, ɗaya da wuƙa. Allah Ya taƙaita, wayar kawai ta tafi, da ɗan yanka a hannu. Duk wanda ke zaune a garuruwanmu ya san wani da irin haka ta faru da shi, wasu ma ba su dawo gida ba.

14/ Abin da ya tafi ba waya kaɗai ba ce. Asusun banki na ciki, layin da aka haɗa da NIN, hotunan gida, takardun makaranta. Duk wannan kake fito da shi fili a bakin titi saboda waƙar da ke tafiya ba ta yi maka ba. Ɗan MP3 a cikin aljihu ake danna shi, ba ya haske, in ma an ƙwace asarar ba ta wuce kuɗinsa ba.

15/ Ban ce zai hana ɓarawo sata ba, kar a juya min magana. Wayar iyafis ma tana iya jawo ido. Cewa na yi yana rage sau nawa kake zaro babbar waya a waje, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

16/ Ga batir. Wutar da ake kawowa awa uku a ɗauke, ka samu ka yi caji da ƙyar ko ka biya mai caji, sannan ka ƙarar da shi a waƙa, lokacin da Umma za ta kira ka waya a mace. Raba aikin mana. Waya ta riƙe cajinta don kira, wancan ya ɗauki kunne.

17/ To mu zo kan zaɓe, don a nan ne mutane ke faɗawa rami na biyu. Ka yanke shawarar saye, ka je shago, sai mai shago ya ce: "Oga, bar wannan, ga sabon yayi. Android ne, ana shafa shi, yana da WiFi, yana hawa YouTube, har kyamara gare shi." Na ce masa, maigida, wannan ai waya ce da aka cire wa SIM.

18/ Duk abin da aka ƙara wa na'urar, matsalar da ka gudo ce ake dawo maka da ita. WiFi ya dawo da sanarwa. Babban sikirin ya dawo da shan batir da fashewa. Android mai arha ya dawo da nauyi da daskarewa. Ka biya kuɗi ka sayi waya ta biyu, mafi muni da ta farko.

19/ Kamfanonin da suka yi fice a abin sun san haka. iPod na farko a 2001 ya fito, GB 5, waƙa dubu a aljihu. A 2005 Apple suka fitar da iPod shuffle wanda ko sikirin babu, madannai kawai, kuma ya yi kasuwa. SanDisk suka zo da Sansa Clip a 2007, sai Clip+ a 2009 mai ramin memori, batir wajen awa 15, ana maƙala shi a riga.

20/ Har yau akwai masu farautar tsohon Clip+ suna sa masa Rockbox, wata manhaja ta kyauta da 'yan sa-kai suka rubuta. Na'ura mai shekara goma sha, mutane na nemanta. Wace waya ce ta 2009 ake nema yanzu?

21/ Apple sun daina shuffle da nano a 2017, suka rufe babin iPod gaba ɗaya a 2022. Za a ce waya ce ta cinye kasuwar, gaskiya ne. Amma a ganina akwai ƙari: wanda ya sayar maka da na'ura sau ɗaya ya ci kuɗinka, wanda ya sa ka a biyan wata-wata kuwa ya samu saniyar tatsa. Ba don sun daina amfani aka daina yin su ba.

22/ Abu na farko da nake gwadawa a shago: in sa shi a aljihu, in rufe ido. Zan iya tsayar da shi, in wuce gaba, in rage murya, ba tare da na fito da shi ba? In amsar a'a ce, na ajiye. Madannai na gaske, waɗanda yatsa ke ji. Akwai masu kama da madanni amma shafawa ake yi, cinya kaɗai ta taɓa su sun canza waƙa. A duba kuma akwai makullin madannai.

23/ Ramin memori dole ne. Kar ka damu da "16GB" ko "64GB" da aka rubuta a kwali, na ciki in na'urar ta mutu ya mutu da ita. Memori kuwa ka zare ka sa a wata. Kayanka ba sa bin na'ura kabari.

24/ Nan akwai tarko. Memori har zuwa GB 32 da tsarin FAT32 yake zuwa, daga GB 64 zuwa sama kuma exFAT. Ƙananan na'urori da yawa FAT32 kaɗai suke karantawa. Ka sayi babban memori da tsada, ka sa, ya ce babu komai a ciki, ka koma kana zagin mai shago alhali ba laifinsa ba ne. Ka tsaya a 32 hankalinka kwance.

25/ Shi kansa memorin, jabu sun fi na gaske yawa a inda muke saye. Ni an taɓa yi min. An rubuta 64, kwamfuta ma ta nuna 64, na kwana ina zuba kaya. Da safe rabin fayilolin suna nan da sunansu amma ba sa buɗuwa. Ashe ɗan ƙarami ne aka yi wa dabara yake ƙaryar girma, in ya cika sai ya riƙa taka na baya.

26/ Maganinsa: kafin ka amince masa, ka gwada shi da H2testw a kwamfuta. Kyauta ce, tana cika memorin taf sannan ta karanta ta ga ko abin da ta zuba yana nan. In ba ka da kwamfuta, cika shi da bidiyo har ya ƙoshi, ka buɗe na farko da na ƙarshe. Kuma ko na gaske ne, ajiye kwafi a wani wuri.

27/ Wannan kuma shi ne wanda kusan kowa ke mantawa, kuma a wurina ya fi launi da kyan jiki muhimmanci sau goma: in ka kashe shi, yana tuna inda ka tsaya? Mai jin waƙar minti huɗu ba zai damu ba. Amma mu ba waƙa kaɗai muke ji ba.

28/ Tafsirin azumi zama ɗaya ya haura awa. Littattafan Hausa da ake karantawa a murya, darasin makaranta da ka ɗauka, hirarrakin rediyo, ko Bakandamiyar Shata da ba ta san gajarta ba. Kana minti na 52 aka kira ka, ka dawo ya mayar da kai farko, ka danne madanni kana jira kamar mai jiran layin mai. Sati ɗaya za ka jefar da shi.

29/ Gwajin minti biyu ne. Tafi da memorinka mai dogon fayil, kunna, wuce tsakiya, kashe na'urar gaba ɗaya, kunna. In mai shago ya ce ba a buɗe kwali, gode masa ka yi gaba. Shaguna ba su ƙare ba.

30/ Ya kuma iya bin folda. Fayilolin da ke yawo a hannunmu, daga masu turi a kasuwa ko daga guruf, ba su da bayanan mawaƙi a jikinsu. Na'urar da ke jera kaya da sunan mawaƙi kaɗai za ta tara maka abu 900 a ƙarƙashin "Unknown". Da folda kai ke da iko: nan Ɗanƙwairo, nan Barmani Choge, nan Ala, nan Breaker, nan karatu.

31/ Ƙaramar dabara: sa lamba a gaban suna, 001, 002, har 114 in surori ne. Ba 1, 2, 3 ba, don sai ka ga 10 ta riga 2. Wasu na'urorin ma ba ruwansu da suna, yadda aka zuba fayilolin suke bi, don haka a zuba su a jere. Sannan da yawa ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, akwati za su nuna maka. Wannan kam haƙuri za a yi, a sunan fayil a rubuta ba lanƙwasa.

32/ Ka tambaya me yake karantawa ban da MP3. Abin da ake turowa ta WhatsApp sau da yawa m4a ne ko opus, ƙananan na'urori kuma ba duka ke buɗe su ba. Sa guda ɗaya na kowane iri a memorin gwajinka. In bai karanta ba, ba ƙarshen duniya ba ne, ana juya su zuwa MP3 a kwamfuta, amma gara ka sani tun a shago.

33/ Ramin iyafis na 3.5mm. Tun da Apple suka cire shi a iPhone 7 a 2016 sauran suka bi sahu, aka mayar da mu bayin cajin abin kunne. Mai waya ba ya mutuwa a tsakiyar hanya, ba ya faɗawa kwata ɗaya ya bar ɗaya maraya. Bluetooth in akwai ba laifi, amma yana rage batir, kuma kar ya zama shi kaɗai ne hanya.

34/ Caji: nemi mai Type-C don igiya ɗaya ta ishe ka da waya. Awannin batir da aka rubuta a kwali kuma, da murya ƙasa-ƙasa da sikirin a kashe aka auna su. Rage wani abu a ranka.

35/ Sai 'yan uwana masu "Hi-Res", da suka cika min akwatin saƙo da FLAC da 192kHz. Sony suna da Walkman mai ruwan zinare da ya haura dala 3,000, na sani, Allah Ya ba mai rabo. Amma kunnen ɗan Adam iyakarsa wajen 20kHz ne, kuma ingancin faifan CD ya riga ya rufe wannan.

36/ Kana cikin Adaidaita Sahu, hon ta ko'ina, janareta na kuka, iyafis ɗinka na bakin titi ne, kana gaya min kana jin bambancin FLAC da MP3 mai 320? Haba malam. Kuma Narambaɗa da Ɗan Maraya da muke ji, daga tsofaffin faifai da kaset aka kwafo su. Ba na'urar da za ta ƙirƙiro abin da ba a ɗauka ba tun asali. In kana da rarar kuɗi, sa su a iyafis mai kyau, can ne za ka ji canji.

37/ Wani ya rubuto: "To ai satar fasaha kake koya wa mutane." Wannan tambaya ce ta gaskiya, ba zan yi mata dariya ba. Eh, yawancin abin da ake turawa a kasuwa mawaƙi bai ga ko sisi ba, kuma wannan zalunci ne. Ba na kare shi.

38/ Amma memori ba shi ne satar ba. Akwai mawaƙan da da kansu suke sakin waƙa a sauke kyauta, akwai karatu da darussa da aka ɗauka don a yaɗa, akwai wuraren da ake sayen fayil ya zama naka. In kana son mawaƙi, saya in yana sayarwa, je wasansa, gayyace shi biki ka biya shi da daraja. Sauraronka na kyauta mai talla a manhaja ma ba wani abin kirki yake kai masa ba, kar mu yaudari kanmu.

39/ Wata kuma ta ce ƙaramar wayarta mai madanni tana cin memori, me zai sa ta sayi wani abu? 'Yar'uwa, kin fi su duka gaskiya. In tana yi miki, riƙe ta. Inda take gazawa shi ne kira yana katse ki, da yawa ba sa tuna inda aka tsaya, kuma sautin wasu sai a hankali. Amma da ki sayi wancan Android ɗin na shago gara ita sau ɗari.

40/ Gargaɗi ɗaya, don ni ma na yi wannan wautar. Abin da ba ya katse ka yana sa ka daɗe da shi a kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalacewar ji saboda ƙure murya. Ma'auninsu ga babba desibel 80 ne, awa 40 a mako. In na kusa da kai yana jin abin da kake ji, ya yi yawa. Jin da ya tafi ta wannan hanyar ba ya dawowa. A kan titi kuma kunne ɗaya a buɗe, saboda masu babur.

41/ Masu tambayar "wane kamfani?", ba wanda ya biya ni, ba zan yi wa kowa talla ba. Za ku ga SanDisk, Ruizu, AGPTEK, da tarin marasa suna waɗanda cikinsu ɗaya ne, kwali ne kawai ya bambanta. Suna ba ya gaya maka ko yana tuna inda ka tsaya. Memorin gwajinka ne zai gaya maka.

42/ Nawa shekararsa ta uku ke nan. Ya faɗi a masallaci, ya faɗi a mota, fentin madannin tsakiya ya goge. Sau biyu a mako nake masa caji. Ƙanin nawa da ya fi kowa yi min dariya a gida, shi ne yanzu yake ɗauke shi ba sallama in zai fita da dare, har na gaji na ce gobe in an tashi daga aiki ya same ni mu je ya zaɓi nasa. Na ce masa ya zo da memorinsa, da dogon fayil a ciki.